Gwaggo Liatu da Farantin da Ta Wanke

Duk wanda ya ci tuwon biki tsakanin Ƙarfi da Dayi a shekarun nan, da wuya a ce bai ci daga tukunyar da Gwaggo Liatu ta wanke ba. Ba ita ke girki ba, ita da bakinta take cewa hannunta bai san gishiri ba. Nata aikin yana zuwa ne kafin a hura wuta. Idan biki ya matso, za a hango ta tafe da buhun toka a ka, ƙullin yashin rafi a hannu. Ta zauna a bakin rijiya, matan zumuntar coci su kewaye ta, a tara mata duk wani ƙarfe da ke gidan, tun daga babbar tukunyar dalma har cokalin shayi. Ba ta tashi sai mutum ya ga haƙoransa a gindin tukunya. A wurinta baƙar tukunya ranar biki zagi ce ga dangi gaba ɗaya, domin dangin ango ba amarya kaɗai suke zuwa gani ba.

Tun tana yarinya ta koyi wannan, a ɗakin girkin wata Baturiyar mishan da ta yi wa aiki, kafin uwarsu ta rasu wajen haihuwa ta bar mata jariri. Jaririn nan shi ne Istifanus. Liatu ta bar aikin, ta ɗaure shi a baya, ta raine shi da nonon akuya. Da shi ta yi noma, da shi ta je coci, yana riƙe da zanenta aka kai ta ɗakin miji. Shi ya sa har ya yi gemu ba ta kiran sunansa. Auta take ce masa, shi kuma Yaya.

Mijinta Yunis manomi ne mai sanyin hali. Lokacin da aikin bunƙasa noma na Funtuwa ya shigo ƙauyuka da taki da garmar shanu, yana cikin na farko da suka mallaki shanun huɗa. Tun daga nan turkensu bai zauna wayam ba. In biyu suka tsufa a kiwata su a sayar, a sayo ƙanana biyu a horar. Na ƙarshe da Yunis ya hora su ne Jatau da Duna. Jatau ja ne mai faɗin ƙirji, shi ke dama a karkiya. Duna baƙi ne wuluk, shi ke hagu. Yunis ya hore su da murya, ba da bulala ba, har ya zamana ba a bukatar mai jan igiya a gabansu. A ce musu su tafi su tafi, a ce su juya su juya. Da yamma kuwa, in aka kwance garma aka ce, "Mu je gida," ko ba kowa a bayansu sai sun kai kansu turke.

Da Yunis ya rasu, kowa ya ɗauka za ta sayar da su, tunda ba ɗa namiji a gidan, 'yarta ɗaya kuma tana aure can nesa. Sai ga Liatu da ruwan farko ta ɗaure ɗamara ta kama garma. Maza suka yi dariya shekara ɗaya, shekara ta biyu suka fara bin layi a ƙofar gidanta don ta yi musu huɗa. Da shanun nan take noma gonarta, da su take samun na gishiri da na baikon da ake bayarwa a coci. Ba ta taɓa miƙa hannu ga kowa ba, har ƙanen nata.

Shi kuwa Istifanus, arziki ya same shi ne kamar ruwan bazara. Da gwamnati ta rushe hukumar sayen auduga ta ce kowa ya saya, ya samo sikeli da tsohuwar a-kori-kura ya shiga ƙauyuka. Kafin kaka uku ya gina gidan siminti a Malumfashi, ya sa janareta, ya sayi talabijin mai kala. Sai kuma wani kamfani daga Kaduna ya zo ya kafa masa farantin tauraron ɗan'adam a tsakar gida. Abu ne kamar ƙatuwar ƙwarya ta ƙarfe, faɗinta ya fi ɗakin kara, an ɗora ta a kan ginshiƙi ta karkace tana kallon yamma. Sanduna uku sun fito daga bakinta sun haɗu a tsakiya, suna riƙe da wani abu kamar gwangwanin madara, wanda masu kafawa suka ce shi ne kan na'urar, shi ke kamo hoto daga sama. Mutane daga ƙauyuka suka yi ta zuwa kallo, wasu ma ba talabijin ɗin suke son gani ba, farantin kawai.

Ranar da Liatu ta fara ganinsa, ta kewaye shi, ta duba launinsa toka-toka marar ƙyalli, da kashin tsuntsaye a jikinsa, ta ce, "Auta, wa ke wanke maka shi?" Aka yi dariya, maganar ta wuce.

A watan Maris na 1989, zafi ya fara kankama, aka sa bikin Salome, 'yar farin Istifanus. Liatu ta bar shanu a hannun maƙwabta ta tare a gidan da tokarta da yashinta. Maigidan ya tafi Kano sayen kayan ɗaki. Da aka gama tukwane da kwanuka aka jera su suna ɗaukar ido, ta miƙe tana miƙa baya, idonta ya faɗa kan farantin. Ta ce wa mata, "Surukai in suka shigo, me za su fara gani? Wannan ƙazantar."

Aka kawo tsani. Toka da yashi suka kwashe kashin tsuntsaye, amma launin tokar nan ya ƙi fita. Liatu ba ta saba ƙarfe ya gagare ta ba. Ta aika aka kawo sodar da suke haɗa sabulu da ita, ta jiƙa, ta shafa a gefe guda. Jim kaɗan abin ya kumbura ya saluɓe kamar fatar maciji, sai ga farin ƙarfe a ƙasa. Ta yi guɗa ta ce, "Ashe dalma ce suka bari ta yi wannan dauɗa!" Wuni biyu matan zumunta suna hawa suna sauka, suna dirza suna waƙoƙin coci. Da suka gama, ba mai iya kallon farantin ido buɗe.

Istifanus ya dawo ya tsaya a ƙofar gida baki sake. Sannan ya fashe da dariya yana tafa hannu. "Yaya, ko Turawan da suka ƙera shi ba su taɓa ganinsa haka ba!" Ya sa aka kawo wa mata lemon kwalba, ya yi ta kiran maƙwabta su zo su ga aikin yayarsa.

Ranar biki, bayan an taso daga coci an ci an sha, rana ta karkata yamma, mai hoto ya ce ba inda ya dace ango da amarya su tsaya sai gaban farantin. Aka jera su, dangi suka yi sahu. Yara suka fara kare ido da hannu, wata tsohuwa ta ce tana jin ƙaurin roba. Kafin a waiga, hayaƙi ya turnuƙe daga gwangwanin nan na tsakiya, sai wuta fal, ba ashana, ba murhu kusa, janareta ma a kashe. Wutar ta bi waya tana tsartsatsi. Wani narkakken abu ya ɗigo yana ci, ya faɗa kan jelar mayafin amarya, mayafin ya kama. Mutane suka watse suna ihu, ango ma sai da ya ja da baya. Liatu ce ta yi tsalle ta damƙe mayafin da tafin hannunta, ta murje wutar, ta fizge shi daga kan yarinyar. Salome ba ta ƙone ba. Hannuwan Liatu kuwa duka biyu sai da suka ƙone suka tashi.

Har yau waɗanda suka tsaya a wurin suna ba da labarin. Wuta ce ta sauko daga sarari da rana tsaka, a kan amarya. Nan take aka fara raɗe-raɗin jifa da sammu. Istifanus ya tsaya a tsakiyar taro, a gaban uban ango da dattawan coci, ya ɗaga murya. "Maƙiya ne! An ga Allah ya ɗaga ni! Na rantse da kabarin uwata, duk wanda ya jawo wannan, ko ɗan cikina ne, shi zai biya gyaransa da guminsa. Sisina ba zai shiga ba!" Fasto ya kama hannunsa yana cewa ya bar rantsuwa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, kowa ya ji.

A makon da ya biyo baya kamfani ya aiko mai gyara, wani saurayi siriri mai suna Hussaini. Liatu tana nan ba ta koma ƙauye ba, ana mata wankin ƙuna a asibiti, hannuwanta naɗe da bandeji. Hussaini ya shigo da jakar kayan aiki, ya ɗaga kai, ya tsaya cak. Ya cire hularsa.

"Innalillahi. Yallaɓai, wa ya yi wannan?"

Istifanus ya ce, "Abin da muke so ka gano mana ke nan."

"A'a, ba wutar nake tambaya ba. Wa ya kankare fentin?"

Tsakar gidan cike take da maƙwabta da suka biyo motar kamfani. Aka fara kallon-kallo. Hussaini bai lura ba, ya ci gaba da bayani. Ya ce launin tokar nan ba dauɗa ba ce, fenti ne da aka shafa da gangan don ya kashe ƙyalli. Farantin an ƙera shi ne ya tattaro duk abin da ya zubo masa daga sama ya tara a wuri ɗaya, a kan gwangwanin nan. In an goge shi ya zama madubi, to hasken rana ma haka zai tara, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashin tabarau. A wannan watan kuma rana na bi daidai ta inda farantin ke kallo. Ya ƙarasa da cewa, "Ai Allah ne ya tsare, da mutum ne ya sa kansa a wurin, da wani labarin ake. Kuma gaskiya garanti ya faɗi, tunda hannu ne ya taɓa."

Ba wanda ya kalli Liatu. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ita ce ta taso daga kan tabarma, ta tako har gaban saurayin, ta ɗaga naɗaɗɗun hannuwanta.

"Ni ce, ɗana. Ni na wanke shi."

Istifanus ya taso da sauri. Ya sallami mutane, ya ja ta gefe yana magana ƙasa-ƙasa. "Yaya, maganar fushi ce. Ban san ke ba ce. Ni ma na yaba aikin, kowa ya ji. Ki bar shi, zan biya."

Ta ce, "Da kabarin wa ka rantse?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Kai ba ka san fuskarta ba, ni na rufe mata ido. Ka kira ta a gaban surukanka. Yanzu so kake Salome ta zauna a gidan da za a riƙa cewa ubanta yana rantsuwa da kabarin uwarsa ya lashe? In ɗan wani ne ya yi, da ka yafe?"

"Yaya, kin san nawa ne kuwa?"

"Ban sani ba. Amma ba abin da ake sayarwa a duniya da ba a tayawa. A kira mini Sada."

Malam Sada dillalin shanu ne a Dayi, abokin marigayi Yunis tun suna samari, duk shanun da suka shiga gidan ta hannunsa suka shiga. Washegari da hantsi ya iso a kan kekensa. Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, Hussaini ya zauna a gefe guda, Liatu a ɗayan, Sada a tsakiya. Istifanus kuwa, ta hana shi zama, sai leƙe yake ta taga.

Sada ya fara tashi ya kewaye farantin, ya ƙwanƙwasa ginshiƙin, ya leƙa ƙarƙashinsa kamar mai duba kofato. Ya dawo ya ce, "To, samari, faɗi mu ji."

Hussaini ya lissafa: sabon kai, sabuwar waya, fenti, kuɗin mota daga Kaduna, kuɗin masauki, kuɗin hannu. Sannan ya faɗi jimla. Sada, wanda ya shekara talatin yana jin farashi bai taɓa motsa gira ba, sai da ya ce, "La'ilaha illallahu."

Liatu ta ce, "Kai Sada, ni ban san wannan lissafin ba. Faɗa mini da shanu."

"Jatau da Duna, da garmar, da karkiyar. Wataƙila a bar miki igiya."

Saura wata biyu ruwa ya sauka, kuma mutanen da ta yi wa alkawarin huɗa sun fi yatsun hannu. Can ta gyara zama ta ce, "To, mu taya."

Hussaini ya ce, "Mama, ba a tayawa. Kamfani ne, farashi a yanke yake."

Sada ya ce, "Yaro, ko likkafani sai an taya. Kamfanin naku ya fi lahira ne?"

Daga nan aka shiga. Liatu ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Masauki, ta ce ga ɗakin baƙi, ga tuwo safe da yamma, a cire. Waya, ta ce ta gani da idonta, kamu kaɗan ne ya ƙone, me zai sa a sake ta har ɗaki? A yanke a haɗa. Hussaini ya ce hoto zai ɗan yi yashi. Ta ce wanda zai kalla ya saba da yashi, a ƙauye ya tashi. Da aka zo kan fenti ta ce, "Wannan kuma a kawo gwangwanin, ni zan shafa."

Hussaini ya zabura har jakarsa ta kife. "Mama, don girman Allah, ko inuwarsa kada ki ƙara taɓawa!"

Sada ya yi dariya har da hawaye, ita ma sai da ta murmusa. Wannan ce dariya ta ƙarshe a ranar. Domin da aka iso kan gwangwanin, ciniki ya tsaya cik. Hussaini ya ce daga ƙasar waje ake kawo shi, kullum naira faɗuwa take, ko shi da ke aiki a kamfanin albashinsa na shekara bai sayensa. Liatu ta taya da tumakinta da buhunan masarar da ta ajiye. Ya ce albarka, ai ko rabin rabi ba su kai ba. Ta miƙe ta kaɗe zani ta nufi ƙofa, yadda ake yi a kasuwa don mai kaya ya kira ka. Ta kai har zaure ba wanda ya kira ta. Ta dawo da kanta ta zauna. Sada ya ce bai taɓa ganin ta dawo ba a kira ta ba sai ranar.

Wataƙila wannan dawowar ce ta karya zuciyar saurayin, ko kuwa bandejin hannunta. Ya ce akwai wani tsohon kai da suka ciro daga wani otal, yana aiki, amma sai manaja ya yarda. Ya tuƙa mota zuwa Funtuwa don ya buga waya. Bai dawo ba sai bayan la'asar, ya ce manaja ya yarda, amma ga iyakar abin da zai karɓa. Har yanzu da tazara tsakaninsa da abin da Liatu ta taya. Aka ja, aka ja, kowa ya kafe. Sai Sada ya yi abin da dillalai ke yi in ciniki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya kama hannun Hussaini, ya dafa gefen bandejin Liatu, ya ce, "Kun yarda da abin da zan yanke?" Suka ce sun yarda. Ya raba tazarar biyu. Hussaini ya yi lissafi, sannan ya ce ya yafe kuɗin hannunsa don abin ya cika. "Na sallama."

Liatu ta ce, "Da shanu, Sada."

Sada bai ɗago kai ba. "Tumakin, da masarar, da sa ɗaya."

Fuskar Hussaini ta washe. "Alhamdu lillahi! Mama, kin ga, da biyu za su tafi, yanzu ɗaya ya rage miki. Wallahi ko manajanmu bai iya ciniki kamarki ba."

Ɗan birni ne, da zuciya ɗaya ya faɗa. Bai san cewa shanun huɗa biyu abu ɗaya ne ba. Manomi ba ya sayen rabin karkiya, domin san da ya saba da abokinsa da gefensa ba ya ja da baƙo. In aka raba su, wanda aka bari ya zama mai cin harawa a banza, wanda aka fitar kuma ba mai tayawa sai masu lodin tirela zuwa kurmi, su kuwa nama suke aunawa da ido.

Sada ya ce a hankali, "Liatu, ki sayar da su tare ga manomi. Ki biya, abin da ya rage in nemo miki maruƙa biyu."

"Wa zai hore su? Yunis zai taso ne? In sayar da duka, me ya rage na hannunsa a gidan?"

"To, wanne?"

Wannan ma ba ita ta zaɓa ba. Duna bai kai kuɗin ba. Jatau ne mai nama.

Istifanus da ya ji yadda aka ƙare, bai yi gardama ba, domin ya ƙulla tasa dabarar. Ya ba direbansa kuɗi a ɓoye, ya ce ranar kasuwa ya je kara, kasuwar shanu, ya saye Jatau ko nawa ne, a ajiye shi a wani gida, in ƙura ta lafa a mayar mata a ce kyauta ce. Rantsuwa ta cika, sa ya dawo. Sai dai zaman gari ya mantar da shi abin da kowane yaro a Ƙarfi ya sani. Ya ce wa direban ya tsaya a layin manoma, inda ake cinikin shanun huɗa bibbiyu, kuma sai rana ta ɗaga ake cika. Masu tirela kuwa can ƙarshen kara suke, da sassafe suke saye su yi lodi kafin zafi.

Da sanyin safiya Liatu da Sada suka iso da Jatau. Ba a daɗe ba aka sallama wa masu tirela. Aka kai shi bakin tudun lodi, inda tirela ta ja baya ta buɗe ƙofa. Nan Jatau ya ji warin abin da ke ciki, ya turje. Masu lodi suka ja igiya, bai motsa ba. Suka murɗe masa wutsiya, suka hau shi da sanduna. San da bai taɓa sanin bulala ba ya durƙusa a gwiwa yana huci, yana juya ido yana neman ta. Wani ya ɗauko barkono zai zuba masa a hanci.

Liatu ta ce, "Ku dakata."

Ta matsa kusa, ta tsaya a bayansa ta dama, inda take tsayawa in an kwance garma. Ba ta taɓa shi ba, hannuwan ba su warke ba. Ta ce da muryar da ya sani, "Jatau. Mu je gida."

San ya miƙe, ya kaɗa kunne, ya hau tudun da ƙafarsa ya shige tirela. Aka rufe ƙofa.

Sada ya ce masu lodin nan, mutanen da ba abin da ke ba su tausayi, sai da suka yi cirko-cirko. Shi kansa ya juya baya ya ƙi karɓar la'adarsa. Liatu kuwa ba ta yi kuka ba. Ta tsaya har motar ta fita daga kara, sannan ta tambaye shi ko akwai inda za ta zauna.

Sai da rana ta take direba ya gane kuskurensa. Istifanus ya shiga mota da kansa ya bi hanyar Funtuwa, ya wuce har Zariya yana tsayar da tireloli yana leƙawa. Jajayen shanu sun fi a ƙirga. Ya dawo ya zauna a cikin mota a ƙofar gidansa ya kasa fitowa.

Hussaini ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ya shafe farantin da fenti mai launin toka, ya ɗaura tsohon kan da aka ciro daga otal, ya haɗa waya. Ranar da zai gwada, Liatu ta ce a kira ta, tana so ta ga abin da ta biya, domin duk zamanta a gidan ba ta taɓa zama gaban talabijin ɗin ba. Aka tayar da janareta. Hoto ya fito, da ɗan yashi-yashi. Wata Baturiya ce tsaye gaban taswira tana nuna gajimare da hannu.

Liatu ta ce, "Me take cewa?"

Hussaini ya ce, "Labarin ruwan sama take bayarwa, Mama. Inda za a yi da inda ba za a yi ba."

Ta matso da kujerarta. "To, tambaye ta, yaushe zai sauka a Ƙarfi?"

"Ai na ƙasarsu take faɗa. Mu ba ma ciki."

Ta ƙara kallo kaɗan, ta ce, "To." Ta tashi ta ɗauki buhun tokarta, ta yi wa Hussaini godiya, ta sa masa albarka, ta nufi tasha. Istifanus ya biyo ta da mota yana roƙo ta shiga, ta ce ƙafarta lafiya lau.

Ruwa ya sauka a ƙarshen Mayu. Sada ya yi ƙoƙari, ya aro wani sa daga Dayi aka haɗa da Duna. Shi ma ɗan hagu ne, suka yi ta ture juna har garma ta karkace. Aka kawo wani na dama, Duna ya shinshine shi, ya kwanta a cikin gona ya ƙi tashi. Waɗanda ta yi wa alkawarin huɗa suka nemi wasu. Istifanus ya aiko tarakta, ta tsaya a bakin gona ta ce wa direban ya gaida Auta, ya ce masa rantsuwa ba ta da ƙofar baya.

A wannan daminar da garmar hannu take huɗa, ta rage gonar zuwa abin da ƙarfinta zai iya, fatar tafinta sabuwa ce, ba ta jure ƙota. Duna kuwa ba a ɗaure shi da safe, don in an ɗaure kuka yake har maƙwabta su kasa jurewa. Biyo ta yake har gona. In sun isa sai ya wuce kan kunyar farko, ya tsaya daidai inda ya saba, ya sunkuyar da wuya yana jiran karkiya, ya bar wurin sa guda a damansa. Haka yake tsayuwa har rana ta yi zafi, ita kuma tana can gefe a duƙe tana sara.